Koriyar Motar Gidan Corkum

Da hantsin Litinin wata 'yar gajeruwar tsohuwa ta shigo ofishin 'yan sandan garinmu na bakin teku a Nova Scotia, ta ɗora makullin mota a kan kanta.

"Sunana Winnifred Corkum. Jiya na ga motarmu da aka sace a wajen nunin tsofaffin motoci."

"Yaushe aka sace ta, Mama?" in ji sajan.

"Tun ba a haife ka ba."

Sajan ya yi dariya ya koma kan kofinsa. Wannan dariyar ita ce cutarmu. Da zarar ƙara ta tsufa sai mu mai da ita abin raha, kamar mai ita ma ya daina jin ciwo.

Insfekta Dalton Pyke bai yi dariya ba. Ya jawo mata kujera.

Motar Triumph ce ƙirar Ingila, koriya, mai kujera biyu. Ranar da ta ɓace, maƙwabci ya ji an tayar da ita lafiya lau. Ɗan sandan wancan zamani ya ce tunda da makulli aka tayar, to ɓarawon na cikin gida ne, ya rufe bincike. Makullan kuwa biyu ne, ɗaya nata da mijinta, ɗaya na ɗansu Lorne. Mijinta Elwood ya kori yaron, ya tafi Alberta, ba su sake magana ba.

"Elwood yana asibiti, likita ya ce da wuya ya ga hunturu," in ji ta. "Ba motar ce damuwata ba, Yallaɓai. Kada ya mutu yana ganin ɗansa ɓarawo ne."

"Ta yaya kika gane ta?"

"Ja ce yanzu. Amma akwai huji biyu a abin taka kuloci. Nan Elwood ya ɗaura mini katako, don ƙafata ba ta kaiwa."

Wanda ya kai motar nuni wani mai sayar da kifi ne, Rudy Veinot. Insfekta ya same shi yana goge ta.

"A Ontario na saye ta bara," in ji Rudy. "Sunan mutumin ya shige mini."

Insfekta ya ɗaga kafet ɗin but. Koren fenti ne a ƙasa.

"Ina kwalin tsofaffin kayanta? Na san ku, ko noti ba kwa yarwa."

A ƙasan kwalin akwai ɗan katako mai huji biyu, a naɗe cikin tsohuwar jaridar garinmu.

"Ashe mutanen Ontario jaridarmu suke karantawa? Mun ci gaba!"

Rudy ya share gumi. "Garnet Zwicker ne ya sayar mini, tsohon shugaban ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci. Ya sa na rantse ba zan fito da ita a lardin nan ba. Amma dubi ta fa, Yallaɓai! Wa zai iya ɓoye wannan?"

Ya buɗe bonet don ya nuna injin. A bangon ciki, inda sabon fenti bai kai ba, Insfekta ya ga ɗan huji da shatin makulli.

"Wannan fa?"

"Nan kamfani ke ɗaure makulli na uku. Duk ɗan ƙungiya ya san haka."

Duk ɗan ƙungiya! Tambaya ɗaya ce da ɗan sandan farko ya yi musu, da gidan Corkum bai rabu ba. Bai yi ba, don ya riga ya sami amsa mai sauƙi.

Garnet Zwicker dattijo ne mai tsafta, garejinsa ya fi ɗakin tiyata ƙyalli. Ya ce tarkace ya saye ta a hannun wani da ya riga ya rasu, shi ya haɗa ta.

"Haka Rudy ya faɗa," in ji Insfekta, yana kallon rufi. "Ya ce kai ne ka lalata ta. Wai mahauci ne kai, rabin kayanta na asali a bola ka zuba."

"Ni? Wannan mai ƙarnin kifin ne ya ce mini mahauci?"

"Ya ce ko makullin bonet ɗin ka yar."

Dattijon ya fizgo wani gwangwanin biskit daga kan kanta. "Ga shi nan! Ban taɓa yar da ko ƙusa ɗaya tata ba!"

Insfekta ya ɗora makullin Winnifred a kan na cikin gwangwanin. Haƙoransu suka zo daidai. Sannan ya sa yatsa cikin gwangwanin ya ɗago ɗan farantin ƙarfe mai ɗauke da lambar motar ta asali.

"Wanda ya sayi tarkace da gaskiya, me zai sa ya cire wannan ya maƙala wani?"

Garnet ya zauna a kan taya.

"Elwood kashe ta yake yi," ya ce a hankali. "Cikin hunturu yake hawanta, a kan titin da aka zuba wa gishiri don narkar da ƙanƙara. Ina gani tsatsa ta fara cin ta. Na ce bari in cece ta."

"Da aka kori Lorne fa?"

"Ina wurin. Winnifred ma ta zuba mini shayi."

"Miƙo hannunka, dattijo."

Da ankwa ta rufe, bai dubi kowa ba sai gwangwanin.

Lorne ya sauka ranar Juma'a, kansa duk furfura. Insfekta ya sa aka saki motar na yini guda, shi da kansa ya ɗaure katakon a mazauninsa. Winnifred ta riƙe hannun Insfekta da hannu biyu.

"Ban san me zan ce maka ba, ɗana."

"Ki tafi kawai, Mama. Ki bi a hankali, birkin nan sa'anki ne," in ji Insfekta.

Ita ta tuƙa, Lorne na gefenta. A bakin asibiti ta taka totur sau biyu kamar yadda take yi a da. Can a bene aka ɗaga labule, wani siririn hannu ya dafa gilashi, sannan Elwood ya yafito ɗansa.