Ƙafar Saje Uwaisu

Ƙarfe takwas da rabi na safiyar Litinin waya ta shigo caji ofis cewa an fasa sito ta taga a Cibiyar Dogaro da ke Sabo. Sufeto Mika'ilu ya ture kofin shayinsa gefe, ya tare okada, don motar ofis ta fita tun da sassafe.

Cibiyar ɗakuna huɗu ce a bayan shagon masu walda. Wata gidauniya ce ta buɗe ta saboda tsofaffin sojojin da suka bar hannu ko ƙafa a bakin daga. A nan ake auna su, a haɗa musu ƙafar roba, a gyara musu keken guragu. Hajiya Rahamatu, mai kula da wurin, tana tsaye a bakin ƙofa, idanunta sun kaɗa sun yi ja.

"Me aka ɗauka, Hajiya?"

"Ƙafafu tara, Yallaɓai. An gama haɗa su, ran Alhamis za a saka wa masu su. Wata goma sha huɗu ina rubuta takardu ina roƙo kafin kayan nan su iso. Yanzu da wane baki zan gaya wa mutanen nan?"

"Wa ke riƙe da makullin sito?"

"Ni, sai Manjo Kamaluddeen, shugaban kwamitinmu. Tun yammacin Juma'a muka rufe, ba ma buɗewa Asabar da Lahadi."

Kafin ta rufe baki Manjon ya fito daga ofis. Tsohon soja ne mai ritaya, dogo, cikin farar shadda, ƙafafunsa biyu lafiya lau.

"Sufeto, kada ka wahalar da kanka," in ji shi. "Je ka kama Saje Uwaisu. Ran Juma'a a gaban kowa ya doki ƙofar nan da sandarsa, ya rantse ko ta tsiya sai ya ɗauki ƙafarsa."

"Mai ƙafa ɗaya ne ya haura taga, ranka ya daɗe?"

"Ba shi da abokai ne? Na san irinsu. Ka yi musu rana, su yi maka dare."

Sufeto ya shiga siton. An yanke ƙarafan taga guda uku da zarto. Ya tsuguna ya shafa ƙasa, garin ƙarfe ya manne masa a yatsu. Ya zagaya ta waje ya duba gindin tagar, ko ɗigo babu. A kusurwar tagar kuma yanar gizo-gizo na nan yadda take, ba abin da ya taɓa ta.

Ya goge hannunsa da hankici. Wanda ya yanke ƙarafan nan daga ciki yake tsaye, kuma babu abin da ya fita ta tagar.

Gidan Saje Uwaisu ɗaki biyu ne a wani lungu da ke bayan masallaci. Matarsa Muhibbat na soya awara a zaure. Shi kuma yana zaune a kan benci, an naɗe wandonsa na dama an ɗaure da igiya a saman gwiwa.

"Saje, ina ka yini ran Asabar?"

"A gida."

"Ko ƙofar gida ba ka leƙa ba?"

"Na ce maka a gida."

Muhibbat ta ajiye matsami. "E jowo, don Allah Baban Lauratu, ka faɗi gaskiya. Duk layin nan sun ga ka hau keke mai ƙafa uku."

Saje ya harare ta, sannan ya sunkuyar da kai.

"Na je cibiyar," ya ce. "Da guduma na je, ba zan ɓoye maka ba. Shekara uku ke nan da bam ya tashi da ni a Arewa maso Gabas. Sau biyu ana auna ni. Na ce bari in fasa in ɗauki abina. Da na isa sai na tuna sauran mutum takwas ɗin, na ji kunya. Na zauna a dakali na huta, na dawo."

"Ƙarfe nawa?"

"Bayan azahar."

"Ka ga wani?"

"Ban ga kowa ba, ƙofar gaba a rufe take. Masu walda na ta ƙara. Sai dai wani wari da ya dame ni, kamar ana ƙona roba a baya. Har tari na yi."

"Me ya sa ka yi min ƙarya da farko?"

"Yallaɓai, mutum irina in ya ce ya je wurin da guduma, wa zai saurari ragowar maganar?"

Sufeto ya koma cibiyar, ya wuce kai tsaye zuwa ramin shara da ke baya. Ya karɓi sanda ya tona tokar. Roba ce narkakkiya, dunƙule-dunƙule. A can ƙasa ya zaro wani abu mai kama da ƙwarya mai zurfi, rabinsa ya tsira daga wutar. An rubuta a gefensa da baƙin alƙalami: S. UWAISU, DAMA.

Ya kira Hajiya Rahamatu. Tana gani ta dafe ƙirji.

"Soket ne," ta ce. "Nan dungun ƙafar ke zama. Kowa da nasa ake yi masa daidai jikinsa, ba ya shiga wani. Innalillahi! Sati biyu ana gyaran wannan kaɗai."

"To me ya rage a jikin ƙafar in an cire shi?"

"Gwiwar ƙarfe da tafin ƙafa. Su ne masu tsada, su ake kawowa daga waje. Kowa za a iya ɗaura wa."

"Ɓarawon titi ya san haka?"

Ta girgiza kai a hankali.

"Kowace gwiwa da lambarta," ta ƙara. "Ina da takardar."

"Ba ni ita."

Talha, mai haɗa ƙafafun, yana ɗakin aiki yana ta goge teburin da ya riga ya goge. Magidanci ne ɗan shekara talatin da wani abu, hannuwansa duk farin filasta.

"Wa ya iya raba gwiwa da soket a nan?"

"Ni kaɗai, Oga."

"Ka taɓa nuna wa wani?"

"A'a."

"Ina ka je jiya Lahadi?"

"Coci... af, biki na je. Bikin abokina a Mokola."

"Coci ko biki? Kai ba Musulmi ba ne?"

Sufeto ya ɗaga jakar aikin Talha da ke ƙarƙashin tebur ya zazzage. Tare da sukurdireba da tef ɗin awo, ɓawon albasa ya zubo, ja, busasshe.

"Bikin a rumfar albasa aka yi?"

Talha ya daina goge teburin.

"Oga, abeg, ka yi haƙuri. Aikin gefe ne kawai. Wani Alhaji Mahmudu mai sayar da albasa a Bodija, ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafa. Sati uku da suka wuce na auna shi na yi masa soket a gida. Aka ce gwiwa za ta zo. Jiya na je na ɗaura."

"Da ka ga gwiwar ba ka gane ta ba?"

"Na gane."

"Ka ɗaura duk da haka."

"Na ji tsoro, Oga."

"Tsoron wa?"

"Wallahi ba zan iya faɗa da bakina ba. Ina da yara. Ka tambayi Alhajin."

Sufeto ya dube shi har Talha ya kawar da kai.

"Da hannunka ka auna Saje Uwaisu. Ka ga dungunsa, ka ga inda ƙarfe ya yaga shi. Zauna nan, kada ka motsa."

A Kasuwar Bodija ba a sha wahalar samun Alhaji Mahmudu ba. Yana zaune a cikin rumfarsa tsakanin buhunan albasa, abokan ciniki na ta yi masa barka, shi kuma yana ɗaga riga yana nuna sabuwar ƙafa.

Sufeto ya yi sallama, ya nuna katinsa, ya nemi izinin dubawa. Ya tsuguna ya karanta lambar da ke jikin gwiwar, ya duba takardar Hajiya. Ita ce ta huɗu a jerin, a gaban sunan Saje Uwaisu.

"Alhaji, a ina ka samo wannan?"

"Saye na yi, halak malak. A hannun Manjo Kamaluddeen. Tare muke sallar Juma'a."

"Me ya ce maka?"

"Ya ce ta wani soja ce da Allah ya yi wa rasuwa kafin a saka masa, kwamiti ya yanke a sayar a bai wa marayunsa. Har na ƙara wani abu a kai saboda marayun. Jiya ma na sa malamai suka yi wa mamacin addu'a. Uwaisu sunansa, Allah ya ji ƙansa."

Sufeto ya miƙe tsaye.

"Alhaji, ɗazu na baro shi a gidansa. Matarsa na soya awara."

Alhaji Mahmudu ya buɗe baki ya kasa rufewa. Can sai ya fara laluben maɗaurin ƙafar.

"Ku cire min! Ku cire min ita! Ƙafar mai rai nake takawa? Na shiga masallaci da ita!"

"Bari sai mun je cibiyar. Ina son Manjo ya gan ka a kanta."

Da la'asar labari ya riga ya zaga Sabo. Tsofaffin sojoji sun cika barandar cibiyar, wasu a keken guragu, wasu da sanduna. Saje Uwaisu na cikinsu. Sufeto ya iso da wani ɗan sanda, Kofur Aminullahi, a motar ofis, ya bar Alhaji Mahmudu a ciki, ya shiga wurin Manjo.

"Har yanzu ba ka kama shi ba?" in ji Manjo. "Ga shi can a zaune. Ko sai na kira manyanka?"

"Ranka ya daɗe, ina ka yini ran Asabar?"

"Ni kake tambaya? A gida nake, ina fama da baƙi."

"Ka san Alhaji Mahmudu na Bodija?"

"Ban san shi ba."

Sufeto ya ajiye ƙonannen soket ɗin a kan tebur. Ya leƙa waje ya yi alama da hannu. Alhaji Mahmudu ya shigo yana ɗingishi, Kofur na riƙe da shi, Hajiya Rahamatu da Talha na biye.

"Manjo, ka ji tsoron Allah!" in ji Alhajin. "Ina marayun? Nuna min kabarin!"

Manjo ya dubi Talha. Wannan karon Talha bai sunkuyar da kai ba.

"Shi ya haɗa ni da Alhaji," ya ce. "Shi ya sa na nuna masa yadda ake kwance gwiwa, wai yana son ya fahimci aikinmu. Ya ce in na yi magana sai ya sa an kore ni."

Manjo ya zauna a hankali. Ya cire hularsa ya ajiye.

"Ina sauran takwas?" Sufeto ya tambaya.

Manjo ya juya hularsa a kan tebur.

"Zan kai ka gidanka in sa a kwance shi ɗaki-ɗaki a gaban iyalinka. Ina suke?"

"Suna but ɗin motata," ya ce da ƙyar. "Gobe wani zai zo daga Legas ya karɓa."

"Kai ka yanke tagar?"

"Ni ne."

"Kai ka ƙona soket ɗin?"

"Ni ne. Sufeto, ka fahimce ni. Shekara talatin na yi wa ƙasar nan aiki, me na fita da shi? Gidauniyar nan ai za ta sake aiko wasu. Jira kawai za su ƙara yi, sun riga sun saba."

Hajiya Rahamatu ta matso.

"Sun saba? Kofur Mu'inuddeen da gindi yake jan jiki zuwa banɗaki. Kai ka raka ni gidansa, ka gani da idonka, har ka yi masa alkawari. Sannan ka ce a kama Saje, don ka san ba shi da kowa!"

Kofur Aminullahi ya buɗe but ɗin motar da ke fake a gefe. Gwiwoyi takwas da tafin ƙafa takwas na naɗe cikin tsohuwar darduma. Hajiya ta bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, duk suka yi daidai. Ta juya ga Talha ta ce filasta da ta rage za ta isa a sake auna mutum tara, kuma shi zai yi aikin in an gama ɗaukar bayaninsa, ko da kwana zai yi a kai.

Da Sufeto ya zaro ankwa, Manjo ya rage murya.

"Don Allah mu fita ta baya. Ka duba girmana."

"Ta baya ramin shara ne, ranka ya daɗe. Ta gaba za mu bi."

Suka fito baranda. Babu wanda ya yi ihu, babu wanda ya ɗaga sanda. Mutum kusan ashirin suka zuba masa ido kawai. Saje Uwaisu ya dafa bango ya miƙe a kan ƙafarsa ɗaya, ya tare hanya. Kofur ya yunƙura zai janye shi, Sufeto ya ɗaga masa hannu.

"Manjo," in ji Saje, "sau biyu ke nan ana raba ni da ƙafata. Wanda ya binne bam ɗin can bai san sunana ba, bai taɓa cin abinci a gidana ba. Kai ka sani, kai ka ci."

Ya ja da baya ya ba su hanya. Kofur ya tura Manjo cikin mota ya rufe ƙofa.