Layin Gawayi a Bangon Kaka

A wani gari da na taɓa yada zango, sunansa ya ɓace mini yanzu, an yi wata yarinya, Tasalla. Duk hutun makaranta kakarta takan tsayar da ita a jikin bango, ta ja layi da gawayi daidai kanta, a ga girman da ta ƙara.

Wani hutu Tasalla ta dawo ta yi tsawo. Ta tarar da tsohuwa tana fama da tulun ruwa, ta wuce ta ko sannu babu, ta manne da bango.

"Kaka, zo ki auna ni!"

Kaka ta sauke tulu, ta ja layi ƙasa da na bara.

"Wannan zalunci ne!" in ji Tasalla. "Na fi ki tsawo fa! Mutum yana raguwa ne?"

"Bara ke kika karɓi tulun nan tun daga zaure, 'yar nan. Abin da na gani na auna."

Tasalla ta buga ƙafa, ta goge layin. Kaka ta mayar. Ta sake gogewa, Kaka ta sake mayarwa. Kwana uku tana kumbure-kumbure, ko huɗu ne, na manta. Ran nan ta zauna gaban bangon, ta daɗe tana duban layukan ɗaya bayan ɗaya. Sai ta tashi ta ɗauki tulu.

Ranar komawa makaranta, sai da Kaka ta hau turmi kafin ta ja layin.