Allon Da Umma Ta Wanke

Auta na kwance a falo, jikinta bai gama dawowa ba tun ɓarin da ta yi, sai ta jiyo ƙarar dirza daga ɗakin aikin mijinta.

Mijin mai zane ne, amma ba ya zana mutum, ba ya zana gida. Launi kawai yake zubawa a kan ƙyalle, wani ya hau wani, masu so su ba da oda su rataye a bango. Umma, mahaifiyar Auta, da ta zo jinya, ba ta taɓa ɗaukar wannan a sana'a ba. Mai Fenti take ce masa. Ta ma riga ta haɗa kayan 'yarta a akwati, dalili kawai take jira.

Auta ta dafa bango har ƙofar ɗakin. Ga Umma durƙushe da tsumma da kwalbar kananzir, tana dirzar babban allon zanen da mijin ya kwantar a ƙasa don ya bushe.

"Wayyo Allah na! Umma, tsaya!"

"Ke, koma ki kwanta. Ƙazanta nake rage muku. Ya goge burushinsa a ƙyalle mai kyau, ya yar a ƙasa."

"Ba goge burushi ba ne, aikin ne! Yau kwastoman zai zo!"

Wani dattijo ne ya ba da odar. Matarsa ta rasu, ya kawo mayafinta ya ce a fitar masa da launukansa a allo ya riƙa gani. Yanzu shuɗin da ruwan ƙasan sun cakuɗe sun zama toka.

Umma ta dubi hannunta, sannan ta ɗaure fuska. "To, ya faru. Bari ya shigo ya ɗaga min murya, ki ga in ba yau zan tafi da ke ba. Dama me kike samu a gidan nan ban da warin fenti?"

Ba su rufe baki ba Mai Fenti ya yi sallama, firam ɗin allon a kafaɗa, dattijon na bayansa. Ya tsaya a kan allon, ya daɗe.

"Wa ya yi wannan?" in ji dattijon.

"Laifina ne, Baba. Ni na bar shi inda bai kamata ba."

Dattijon ya zare mayafin daga ƙusa, ya ninke, ya rungume. "Abin da ya rage min ke nan na ba ka amana," ya ce. Ya fita bai waiwayo ba.

Mai Fenti ya durƙusa. "Umma, kananzir yana cin fata. Ga sabulu can." Ya juya ga matarsa. "Ke kuma wa ya ce ki tashi?"

"Sori, don Allah — ni ce ban rufe ƙofar ba..."

"Ya isa. Je ki kwanta."

Ya juya ya fuskanci bango. Babu sauti, kafaɗunsa kawai ke motsi.

Umma ta fita. Auta ta ji ana jan zik ɗin akwati, ta fashe da kuka, ta ɗauka tafiya ce ta zo. Da ta leƙa, sai ta ga Umma tana mayar mata da kayanta cikin durowa, ɗaya bayan ɗaya.

Umma ta gama, ta yafa mayafi, ta tsaya a ƙofar ɗakin aikin.

"Ɗana," ta ce. Ba ta taɓa kiransa haka ba. "Ina gidan dattijon nan? Da bakina zan faɗa masa."

Ta je, ta faɗa. Dattijon ya yafe, amma bai sake fito da mayafin ba. Auta kuwa tana ɗakinta har yau.

Ya rasa allo, bai rasa mata ba. Yara, ku riƙe wannan: haƙurin da ake sakawa shi ne na ranar da kake da gaskiya, kuma ka yi shiru.