Dutsen da Gaspare Ya Sa Ƙarƙashin Taya

La'asar sakaliya Gaspare da iyalinsa suka tsayar da motarsu a gefen kangon tsohon ɗakin bauta, can saman tsauni, inda ginshiƙai ke tsaye babu rufi. Mota ce mai gado da murhu a cikinta, wadda Gaspare ke wankewa duk Lahadi yana yi mata magana. Ƙasar wurin a karkace take, kuma duk mai irin motar nan ya san ba a kwana a karkace, sai mai ya taru gefe guda a kasko, jini ya taru a ka. Katakon da yake sa wa taya don daidaita motar ya manto shi a birnin Palermo. Sai ya shiga kangon, ya jawo wani faffaɗan dutse mai zane daga bakin ƙofa, ya hau shi da taya.

Dutsen ya yi ƙara, ya tsage.

Matarsa Ornella na tsame taliya tsakuwar farko ta faɗo kan rufi. Sai ta biyu. Gyare suka yi tsit, iskar teku ta ɗauke.

"Livia, ba na son shashanci," in ji ta. Ta waiwayo, ga 'yar tasu zaune, hannuwa bisa cinya.

"Ƙafata," in ji yarinyar, da muryar tsoho mai kaushi.

Gaspare ya tuntsire da dariya. "Jiya malamarku kika kwaikwaya, yau kuma kakan wa?"

"Ka danne mini ƙafa, baƙo."

Yarinyar ba ta ko ƙifta ido. Ornella ta taɓa goshinta, ta ji sanyi irin na dutsen da bai ga rana ba. Suka janye motar daga kan dutsen, jifa bai tsaya ba. Haka suka kwana, yarinyar na kiran sunayen mutanen da ba wanda ya taɓa ji.

Da safe Ornella ta gangara ƙauye ta zo da Za Rusidda, wato Gwaggo Rusidda, tsohuwar da ta gaji addu'o'i daga kakarta. Tsohuwar ta zuba ruwa da gishiri a faranti, ta ɗiga man zaitun. Man ya nutse, alamar akwai wani abu a jikin yarinyar.

"Kai wane ne?" tsohuwar ta tambaya, tana duban Livia.

"Mai tsaron ƙofa. Tun kafin a haifi cocinku nake nan."

"To tsufa bai koya maka kunya ba? Yarinya ka samu?"

"Sun fasa mini mazauni. A cikinta zan zauna."

"Za a mayar maka da dutsenka."

"Fasasshe? Ke kya kwana a fasasshen gado?" Kan Livia ya juya a hankali, ya dubi labule, ya dubi murhu. "Gida a madadin gida. Ko motar nan, ko ita."

Za Rusidda ta miƙa wa Gaspare tafin hannu. "Ɗana, makullin motar."

Gaspare ya yi shiru. Ba dogon shiru ba ne, amma Ornella ta ji shi har cikin ƙashinta. Sannan ya zaro makullin, tsohuwar ta ɗora shi kan tsagaggen dutsen.

Livia ta yi atishawa, ta fashe da kuka da muryarta. "Mamma, yunwa nake ji."

Da ƙafa suka gangaro, ba su ɗauki ko cokali ba. Ornella ta riƙe 'yarta gam, ta bar mijinta a baya. A kwanar hanya ta waiwaya. Daga cikin motar, wani na jan labule a hankali, taga bayan taga.