Muryar Da Baba Zdzisław Ke Nema

Ranar da Jagoda ta shigo shagon gyaran kwamfuta na Tymon da jaka cike da fayafayen fim, bawan Allah ya manta kwastoman da ke gabansa.

"Na babana ne, sun fara lalacewa. Za ka kwafe su?"

"Har jakar ma sai in kwafe," ya ce. Ta yi dariya, shi ke nan ya kamu.

Sai dai mahaifinta Baba Zdzisław, wanda idanunsa suka yi rauni, Borys ɗan maƙwabcinsu yake so mata. Borys kuwa ya cika baki cewa manhajarsa kafin a sha shayi ta gama faifai, ta Tymon wuni take yi. Aka raba musu fayafayen biyu.

Kishi ya hana Tymon cin abinci. Da ya hango motar Borys a ƙofar gidan su Jagoda, ya rubuta mata:

"Tauraruwata, na ga mai sauri ya iso. Allah ya ba da sa'a."

Ta amsa: "Kishi kamar ya kashe ka! Fayafai ya zo ɗauka, ba ni ba. Ka zo ranar Lahadi."

Ranar Lahadi bayan an sha romon kaza, Borys ya kunna nasa yana karkaɗa ƙafa. Hoto tangaram. Jagoda ta ce "Kai, ya yi kyau," Tymon ya ji kamar ya tashi ya bar gidan.

Tsoho ya kasa kunne. "Ina mutumin?"

"Wane mutum, Baba?"

"Mai fassara mana! Ni Turanci nake ji?"

Ashe manhajar mai sauri ta zubar da muryar mai fassara da aka ɗora kan fim ɗin, wanda shi kaɗai ke karanta maganar kowane ɗan wasa da harshensu na Polan. Borys cewa ya yi ai kwashe ta ya fi, damun mutane take yi.

Tymon ya kunna nasa. Muryar ta fito a sanyaye, mace da namiji duk murya ɗaya. Tsoho ya lumshe ido, hawaye ya zubo.

"Da wannan muryar na nemi uwarki, ita muke saurare in mun je kallo," ya ce wa Jagoda. "Yaro, matso kusa."

Ranar bikin Jagoda da Tymon ya tarbe su da burodi da gishiri bisa al'adarsu, ya lalubo hannayensu ya haɗa.

"Allah ya zaunar da ku lafiya. Kai kuma Tymon, ka rage kishi, na riga na ba ka."