Tukuicin Da Aka Mayar

"Akuya, Ilyasu! A kan 'yar akuya za ka rusa mana komai?"

Tsahara ce ke maganar, tana tsaye a bakin lambun zogalen da ke bayan gidansu a Jiratawa. Ilyasu na jingine da babur ɗinsa, kai a ƙasa, ya kasa haɗa ido da ita.

"Tsaharata, ki saurare ni mana..."

"Ina jin ka!"

"Dokar sarbis ce, dokar wurin aikinmu. Ma'aikacin ambasad ko allura aka ba shi saboda aiken da aka yi masa, ba ya karɓa. Wallahi ba raini ba ne."

"To da ka karɓa, in ya so ka maido mani ita ta bayan gida!"

"Kaina ne ya kulle..."

"Ka san akuyar wa ce?" Hawayen da take riƙewa suka zubo. "Jikar akuyar Innata ce. Tun da Inna ta rasu, Baba bai taɓa sayar da ko ɗaya daga cikinsu ba, bai taɓa ba kowa ba. Kai ne na farko. Ɗa ya ɗauke ka, Ilyasu, kai kuma ka mayar masa da hannu baya a gaban abokansa!"

Ilyasu ya buɗe baki ya rufe. Mutumin da yake cin abinci da bakinsa, yau bakin ya ƙi masa aiki.

Don Ilyasu tafinta ne. Ɗan Sabon Gari ne a Maraɗi, amma a Yamai yake aiki, a ambasad, wato ofishin jakadancin wata ƙasa mai nisa ta gabas, can inda ake cin shinkafa da tsinke. Jakadiyarsu ta ce ta gaji da yin bikin al'adu a Yamai kaɗai, bana a Maraɗi za a yi: a nuna fina-finansu, a dafa abincinsu, a buga gangunansu, a kuma jera sana'o'in hannunsu kafaɗa da kafaɗa da na mutanen gari. Shi aka turo ya nemo gwanaye.

Neman gwanaye ne ya kai shi rumfar Malam Lawali baduku. Ya je ganin fata, ya ga mai yi wa fatar ado, 'yarsa Tsahara. Tun daga ranar, aikin ambasad ya yawaita a Jiratawa har abin ya fara ba mutane dariya. Yau a zo auna jaka, gobe a zo sake aunawa, kamar jakar girma take yi.

Magana ta yi nisa, har an tsayar cewa ranar Juma'a baffanninsa za su zo neman aure.

Sai ga wannan aike. Jakadiya ta ba Ilyasu wuƙaƙen yankan fata da basilla, ƙirar maƙeran ƙasarsu, ya kai wa Malam Lawali godiyar amincewa da ya yi a nuna kayansa. Bayan la'asar ya kai, zaure cike da dattawa. Tsohon ya gwada kaifin wuƙa a gashin hannunsa, ya yi murmushi ya ce yaba kyauta tukuici. Da kansa ya shiga gida ya jawo jar akuya, gashinta sai sheƙi.

Ilyasu kuwa ya ja da baya, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba zan iya karɓa ba."

Malam Lawali bai ɗaga murya ba. Ya naɗe igiyar a hannunsa ya ce, "To madalla, ɗan ambasad." Ya koma ciki da akuyarsa.

Da Tsahara ta dawo daga lambu ta tarar da mahaifinta yana ninke fatu yana turawa cikin buhu, kayan da aka ware don biki. Ta durƙusa daga gefe.

"Baba..."

"Kayana ba su zuwa Maraɗi. Mutanensa kuma ki gaya mashi su huta da tahiya ranar Juma'a."

"Baba, aikinsu ne ya hana, bai san..."

"Wanda bai iya karɓar abin hannuna ba, ta yaya za shi riƙe ɗiyata? Gobe in na aika maki da tsabar gero, sai ya ce bari ya tambayi Yamai?"

"Baba, ina son shi..." Ita kanta ba ta san lokacin da maganar ta fito ba.

Hannunsa ya tsaya a kan buhun. Bai kalle ta ba.

"Na sani, Tsahara. Shi ya sa na ba shi wagga akuya, ba wata ba."

Nan ne zuciyarta ta karye gaba ɗaya. Da faɗa ya yi mata da ta fi samun sauƙi. Ga uban da ya zame mata uwa tun tana ƙarama, shi ya koya mata riƙon basilla, shi ya kai ta lakwal karatun boko duk da surutun mutane. Ga kuma Ilyasu, wanda in wayarta ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi don murna. Ba ta iya saɓa wa ɗaya, ba ta iya haƙura da ɗayan.

Washegari ta nemi izinin zuwa garin Tsibiri gaida Gwaggo Sauda, yayar mahaifinta. Duk dangi sun san in abu ya gagara, can ake kai shi.

Gwaggo na sussukar gero ta ji labarin daga farko har ƙarshe. Ta jingine taɓarya ta yi tsaki.

"Shi yaron sakarai ne, shi kuma Lawali kan dutse gare shi tun shina goye. Share hawayenki."

"Ilyasu ya ce zai je ya ba shi haƙuri shi kaɗai..."

"Aikin banza! Gaban mutane aka kunyata shi, gaban mutane za a wanke shi. Wa ya aiko yaron?"

"Madam Jakadiya."

"Tana ina?"

"Jiya ta iso Maraɗi, suna shirin buɗe biki."

"To mi muke jira? Miƙo mani mayahina."

"Gwaggo! Ba a shiga wurinsu haka nan fa..."

"Ita ba mace ba ce? Ba uwa ta haife ta ba? Tare mana kabu-kabu!"

Zauren bikin ya kacame da aiki. Ana rataye fitilun takarda masu launi, ana jera ganguna manya kamar turmi, ƙamshin wani irin abinci na tashi daga baya. Masaƙa da maƙera da masu sassaƙar ƙwarya kowa ya kama wurinsa. A tsakiya kuwa ga wani dogon tebur an shimfiɗa masa farin ƙyalle, babu komai a kai. Tsahara na ganinsa ta san na mahaifinta ne.

Ilyasu ya hango su, idonsa ya raina fata.

"Sanyin idona, mi kike yi nan?" ya faɗa a hankali.

"Abin da ka kasa," in ji Gwaggo. "Ina uwar ɗakin taka?"

Ba su gama rufe baki ba jakadiyar ta ƙaraso da kanta, wata 'yar gajeriyar dattijuwa mai furfura da tabarau. Ta ɗan sunkuya ta ce, "Sannu da zuwa," da Hausarta mai tuntuɓe. Gwaggo ta amsa da fara'a, sannan ta nuna Ilyasu da yatsa.

"Kai ne tafinta ko? To gaya mata ba ragi ba ƙari. Ka ce yaronta ya yi aikin wauta."

Ilyasu ya ce da Faransanci wai an ɗan samu rashin fahimta.

"Ba haka ta ce ba!" Tsahara ta tare shi, ita ma da Faransanci. Kunya ta kama ta, amma ta riga ta fara. "Madam, cewa ta yi ya yi wauta."

Jakadiya ta cire tabarau, ta dubi Ilyasu, ta dubi Tsahara, ta sa aka kawo kujeru.

Tsahara ta yi bayani, tana yi tana share ido. Ta ce a nan in an aiko maka da kyauta, ba ka barin ɗan aike ya koma hannu wofi, abin da ka ba shi shi ne godiyarka ga wanda ya aiko. Ta faɗi labarin akuyar Innarta. Da ta zo kan maganar Juma'a sai ta yi shiru, Gwaggo ce ta ƙarasa da hannu, ta nuna su biyun ta haɗa yatsunta.

"Ilyasu, me ya sa ba ka gaya mini ba?" in ji jakadiya. "Ka ce mini tsohon ba ya jin daɗi ne."

"Kunya na ji, Madam."

"Ka bi doka, ban ga laifinka a nan ba. Amma dokar ta hana ka ci don kanka ne, ba ta hana ofishinmu karɓar godiya ba. Na zo garin nan in nuna muku al'adarmu, ashe na fara da taka taku." Ta miƙe. "A kira direba."

Bayan la'asar baƙar mota mai 'yar tuta a goshi ta tsaya a ƙofar Malam Lawali. Dattawan nan dai su ne a zaure, ga mutanen unguwa sun yi dafifi. Tsahara ta sulale cikin gida ta laɓe a bayan ƙyaure.

Jakadiya ta cire takalma ta zauna a tabarma. Ilyasu ya durƙusa a tsakani yana fassara, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ta ce ita ta yi aike ba ta san al'adar gida ba, laifin nata ne. Ta ce a ƙasarsu ma mayar da kyauta abin kunya ne. Ta ce in har ba ka fasa ba, ta zo karɓar tukuicinta da hannunta, da sunan ƙasarta..." Ya ɗan tsaya. "Wanga kuma ba ita ta ce ba, Baba, ni ne. Ban san darajar abin da ka ba ni ba. Ka yafe mani."

Malam Lawali ya daɗe yana kallon tabarma.

"Lawali!" Gwaggo ta ɗaga murya daga bakin ƙofa. "Mata ta taso tun daga bangon duniya ta zauna ƙasa gabanka, sai ka sa ta yi saiwa?"

Wani dattijo ya ƙyalƙyale da dariya, saura suka kama. Malam Lawali ya tashi ya shige ciki. Ya wuce Tsahara kamar bai gan ta ba, amma ta ga yana goge ido da bakin hannun riga. Ya fito da jar akuya, ya damƙa igiyar a hannun jakadiya.

"Ka ce mata irin Maraɗi ce, babu fatar da ta kai tata. Amma kada a yanka ta. Ta haihu a gidansu."

Jakadiya ta karɓa da hannu biyu, ta ce akwai ciyawa a harabar ofishinsu da ta daɗe tana neman mai ci. Akuyar kuwa ba ta jira Yamai ba, ana kai ta bakin mota ta miƙa wuya za ta ɗanɗana tuta, sai da direba ya yi tsalle ya tare.

Da dariya ta lafa, Malam Lawali ya sa aka fito da buhun fatu aka sa a mota. Sannan ya gyara zama ya dubi Ilyasu.

"Kai, ɗan ambasad."

"Na'am, Baba."

"Ka kawo mani babbar baƙuwa har gida, ka ga tukuici ya sake hawa kaina. Akuya dai ka ce sarbis ya hana." Ya gyara hula. "Baffanninka su zo Juma'a. Na ba ka Tsahara. Ko ita ma sai ka tambayi Yamai?"

"Wagga kam, Baba, ko korata za a yi... na karɓa! Na karɓa hannu biyu!"

A bayan ƙyaure Tsahara ta zame ƙasa, ta rufe fuska da mayafi, tana kuka tana dariya. Daɗi ya cika ta har ba ta san inda za ta sa kanta ba, Innarta kawai take tunawa.

Jakadiya ta ga zaure ya ruɗe da kabbara, ta taɓa kafaɗar tafintanta.

"Me ya ce, Ilyasu?"

Ilyasu ya buɗe baki, Faransancin ya gudu, Hausar ma ta gudu, sai hawaye. Gwaggo Sauda ta dube shi ta girgiza kai, ta kama hanci ta rangaɗa guɗar da aka ji har lambun zogale.

Jakadiya ta yi murmushi, ta ce da Hausarta mai tuntuɓe, "Na gane."