Ta Ina Gashinka Yake Juyawa?

Ranar da ya fara zuwa shagon, sai da ya wuce ƙofar ya dawo, ya sake wucewa ya dawo, har Gwaggo mai shagon ta leƙo ta ce, "Samari, in mu kake nema ga mu. In kuma motsa jiki kake yi, matsa gaba, kana tare mana haske."

Ya shigo yana sosa ƙeya, ya ja hula har gira. Mai kemis ne a bakin babban titi, yaro mai hankali, amma ba wanda ya taɓa ganinsa ba hula. A kusurwar shagon wata budurwa ta sunkuya ƙarƙashin fitila, tana ɗaura gashi ɗai-ɗai a jikin lallausar raga da allura mai ƙugiya. 'Yar ƙanin Gwaggo ce, kowa 'Yar Allura yake ce mata. Sana'arta ke nan, hular gashi ta maza masu sanƙo.

"Cire mu gani," in ji ta.

Ya cire kamar wanda ake cire wa haƙori. Gefe da gefe gashi baƙi ƙirin, amma tsakiya, wayyo, har fitila tana ganin kanta. Yarinyar nan ko murmushi ba ta yi ba. To, daga nan fa zuciyar bawan Allah ta tafi.

Ta gwada kan da tef, sannan ta ce, "Ta ina gashinka yake juyawa?"

"Juyawa kuma?"

"Kowa akwai inda gashinsa yake murɗawa a tsakiyar kai, wani dama, wani hagu. Nan ne hular gashi take tona wa mai ita asiri. In na cunkusa gashi a wurin, ko na juya shi saɓanin naka, daga nesa za a gane na aro ne. Shara-shara ake barinsa, fata tana ɗan leƙowa."

"Ni ban taɓa ganin tsakiyar kaina ba."

"Wadda ta yi maka wanka kana jariri ta gani. Tambayo ta."

Ai kuwa washegari sai ga shi ya dawo, ga mahaifiyarsa da kanta. Ta danna kansa ƙasa, ta zana da yatsa. "Hagu ne, 'yata, irin na babansa sak. Shi ma haka nasa ya gudu ya bar shi!" Ta zauna ta zuba hira, tana yi tana satar kallon 'Yar Allura. Da za su fita ta mintsini ɗanta a hannu.

Daga nan saƙonni suka fara.

"Malama, ya kan nawa?"

"Yana kan tebur. Ya fi mai shi natsuwa."

"Ki riƙe shi da kyau. Ɗayan ma tun da na bar shagonku bai dawo daidai ba."

Ta karanta ta kife wayar, tana dariya ita kaɗai. A wayarta ta sa masa suna Hulata.

Ranar gwaji ta tambaye shi yaushe yake buƙatarta. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kafin ƙarshen wata. Zan je gaban mahaifin wata yarinya."

Allura ta soke ta a yatsa. Ta ce, "Allah ya sa alheri," ba ta ƙara ba. Saƙonninsa kuwa amsarsu ta koma "To" da "Na gani". Amma aikin, ku bar shi kawai. Ta zauna kan juyin nan na hagu tana ɗaurawa tana kwancewa, hawaye na hana ta ganin raga, har ya fito kamar a kan mutum ya tsiro. Ta ce a ranta, ko wace ce, ba dai za ta raina shi ba.

Mahaifinta tsohon mai aski ne, shagonsa yana can wata unguwa. Shi kan mutum yake fara dubawa kafin fuska. Rannan ya dawo gida baki har kunne. "Wani mai kemis ya zo neman izini a kanki. Yaro mai ladabi, ga suma! Na zagaya bayansa na duba, juyin hagu, tsaf. Na ce ya turo manya."

Ta ruga ɗaki ta rubuta: "Ashe ni ce wata yarinyar?"

"Da wa kika zata, Haskena?"

"Allah ya isa hawayena!"

Sai dai murnar ba ta daɗe ba. Akwai wani mai aski da yake aiki a kujera ta biyu a shagon tsohon, ya jima yana sonta tana kaucewa. Shi ne ya taɓa ganin mai kemis yana fitowa daga wurin Gwaggo, ya kuwa kai gulma. Tsoho ya yi tsalle ya dire.

"Ni? Ni da na tsufa da almakashi a hannu, a zo har shagona da kan aro in yaba? Wanda ya ɓoye mini tsakiyar kansa, me zai ɓoye wa 'yata? An fasa!"

Gwaggo ta ba shi baki, ya ce ai da ita aka haɗa kai.

"Hulata, Baba ya ce a'a," ta rubuta. "Laifina ne, aikin ya yi kyau da yawa."

"Kada ki yi kuka. Gobe zan je."

Washegari da tsakar rana, shagon tsohon cike da mutane, sai ga mai kemis ya ratso titi ba hula ba komai, rana tana wasa a kansa. Ya durƙusa ya ajiye hular gashin a gaban tsohon.

"Baba, ga kaina na gaskiya, ga na aro. Kunya ce ta sa ni, ba yaudara ba. Tun ina makaranta ake mini dariya. Ka duba duka biyun, ka yanke abin da ka ga dama."

Tsoho ya sa tabarau, ya ɗaga hular saitin taga, ya juya ta, ya hura tsakiyar. Ya daɗe.

"Wa ya ce a bar nan shara-shara?"

"'Yarka ce."

"Hmm. Ni na koya mata kallon kai, ga shi ta kai ni ƙasa." Ya yi gyaran murya ya ce, "Tashi. Wanda ya iya ratso titin nan da wannan kan a tsakar rana, zai iya riƙe mini 'ya."

Sannan ya tuɓe tasa hular don ya share gumi. Jama'a, ashe nasa ya fi na sirikin sheƙi! Dariya ta ɓarke, har mai kujera ta biyu sai da ya dara.

Ranar biki an yi 'yar gardama. Gwaggo ta ce lallai ango ya sa hular gashin, talla ce ga shago. Mahaifiyarsa ta ce a bar mata ɗanta yadda Allah ya yi shi. Aka aika a tambayi amarya, ta aiko da cewa duk wanda ya zo cikin biyun mijinta ne, su dai yi sauri.

Allah ya ba su zaman lafiya, ya rufa musu asiri, ya ba su zuri'a mai albarka, masu suma da marasa ita.